Ranar da Na Kira Magariba Rana Ba Ta Faɗi Ba

Malam Edita, bayan sallama da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a mujallarku, ka kuma sakaya sunana. Ni tsoho ne yanzu, idona ma ya fara gajiya da karatu, amma lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina sabon magidanci, ban kai shekara talatin ba. A Ƙofar Rini aka haife ni cikin birnin Sakkwato. Gidanmu gidan malamai ne, kuma ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa, shi ne limamin masallacin unguwarmu. Ina yaro Turawa suka shigo ƙasar. Na yi sauka, na taɓa 'yan littattafan fiƙihu, daga nan sai na bar zaman gaban malam na shiga harkar fatu. Nakan sayo jar fatar akuya a ƙauyuka in kai wa wani kamfanin Turawa da ke bayan gari, wani lokaci kuma in bi ayari da ita har Kano. Allah ya sa wa abin albarka. Na yi aure, na gina soro, na ɗaure doki a ƙofar gida, a raina kuma na fara jin cewa na san abin da dattawan unguwarmu ba su sani ba.

Bayan an gama yaƙin Turawa da Jamus aka kawo wani sabon Bature kamfanin. A hannunsa na fara ganin agogon da ake ɗaurawa a tsintsiyar hannu, don kafin nan na aljihu muka sani, mai sarƙa. Duk sanda na kai kaya nakan ga ya ɗan karkata hannu ya duba, ya ce lokaci kaza ya yi, nan take kowa ya shiga sauri. Abin ya zauna mini a rai wata da watanni. Da na je Kano a ƙarshen kaka sai na tambaya aka nuna mini kantin wani Kwara, Balaraben Sham. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur ya jera mini guda uku. Na farko na aljihu ne, na ture shi gefe, don abin da ke cikin aljihu ba mai ganinsa, ni kuwa so nake a gani. Na biyu na zinariya ne, shi raina ya fi so, na daɗe ina juya shi a tafin hannu, amma na san idan baffana ya ga zinariya a jikin ɗa namiji daga gidansa ba zan kwana da shi ba. Na ukun na azurfa ne, farar fuska, da wani ɗan ƙaramin hannu a ƙasa da ba ya tsayawa. Kwaran ya buɗe bayansa ya nuna mini 'yan ƙafafu suna juya juna, da jajayen duwatsu ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ce irin wannan manyan Turawa kaɗai ke ɗaurawa, kuma har jikokina sa gaje shi. Ya koya mini yadda zan murza ɗan kan da ke gefe kowace safiya, abin da ake kira yi wa agogo wani. Ya ce in kiyaye shi da ruwa, in kiyaye shi da faɗuwa, idan kuwa ya taɓa faɗuwa kada in ƙara yarda da shi sai mai gyara ya buɗe ya duba. Kuɗinsa ya isa a sayi doki mai kyau har da sirdi. Ban yi ciniki mai tsawo ba.

Da na dawo Sakkwato sai na zama abin kallo. Kullum yana hannuna, kasuwa da masallaci da wurin suna da wurin jana'iza. Na koyi naɗe hannun riga ta ɓangaren hagu yadda zai fito fili. Mutane sukan roƙe ni in kara musu a kunne su ji bugunsa, wasu tsofaffin mata suka ce aljani aka kulle a ciki. Kowace safiya nakan yi masa wani bayan asuba, idan na je kamfani kuma in gwada shi da babban agogon bango na ofishinsu, kullum in tarar sun zo daidai. Na yi ta faɗi a majalisa cewa rana ma tana iya ɓuya, amma wannan abu ba ya kuskure. Na faɗi haka sau da yawa, gaban mutane da yawa, kuma maganar nan ce ta ɗaure ni daga baya.

A masallacinmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Ladan. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Wamakko, ya shigo birni neman karatu tun yana saurayi, ya zauna, ya fi shekara talatin yana kiran salla a unguwarmu, tun kafin zuwan Turawa. Shi ya koya mini alwala ina ƙarami. Yana da wata sanda da ya kafa a farfajiyar masallaci, da ita yake auna inuwa ya san azahar da la'asar. Da magariba kuwa yakan hau matakalar ƙasa da ke jikin bango ya fuskanci yamma, ba ya buɗe baki sai ya ga rana ta nutse da idonsa. Ba shi da gona a birni, ba shi da sana'a, abin da jama'ar unguwa suka ba shi da shi yake ci. Da na sami agogo sai na mai da shi abin tsokana. In ya sauko sai in duba hannuna in ce masa ya makara da minti biyar, ko ya yi gaggawa da minti uku, samari su yi dariya. Bai san mene ne minti ba. Yakan yi murmushi kawai ya ce, ɗana, Allah shi yi ma albarka, ya wuce ya shimfiɗa buzunsa.

A shekarar nan azumi ya faɗo cikin bazara. Wanda ya san zafin Sakkwato a wannan lokaci ya san abin da nake nufi, kafin la'asar harshe ya bushe, mutum yana zaune a inuwa amma kamar a bakin murhu. Cikin kwanakin farko aka yi wata rana da hadari ya rufe yamma. Baba Ladan ya hau matakala ya tsaya, ya ƙi kira har duhu ya fara shiga sosai, mutane na zaune da ƙoren fura a gabansu suna gunaguni. Washegari na je wa baffana da magana. Na ce masa na lura da inda hannun agogo ke tsayawa duk ranar da aka ga faɗuwar rana a fili, saboda haka ba dalilin da za a riƙa wahalar da masu azumi don gajimare. Baffana mutum ne mai taka-tsantsan, amma yana sona, kuma shi ma ƙishirwar ta taɓa shi. Ya yanke cewa ranar da sama ke garau a bi idon Ladan, ranar da aka yi hadari a bi agogo. Aka faɗa wa Baba Ladan gaban jama'a. Bai yi musu ba. Ni kuwa don murna har na riƙa nuna wa mutanen sahun gaba daidai inda dogon hannu da gajeren hannu ke tsayawa idan an sha ruwa, suka haddace wurin.

Azumi ya kai tsakiya sai tsautsayi ya faɗa wa agogon. Ina wurin awo a kamfani, ana ɗora ɗaurin fatu a sikeli, ɗaurin ya zame, na kai hannu in tare, maɗaurin agogon ya maƙale a ƙugiya ya tsinke. Na ji ƙararsa a kan daɓen siminti. Na ɗauka, na ga gilashin bai fashe ba, ɗan ƙaramin hannun yana tafiya. Na yi hamdala, na kai wa baduku ya ɗinke maɗaurin. Washegari da na gwada shi da agogon bango sai na ga ya wuce gaba da kusan minti goma sha biyar. Na mai da shi baya ban ce wa kowa komai ba. Kashegari ya wuce da ashirin. Na tuna gargaɗin Kwaran sarai, amma a duk Sakkwato ba mai gyaran irin wannan agogo, sai Kano, Kano kuwa tafiyar kwanaki ce. Na ce a raina bari a sha Salla tukuna. Kowace safiya sai in je kamfani, ko ba ni da kaya, in faki ido in gyara shi, da yamma kuma in riƙa rage 'yan mintoci a kaina. Kwanakin nan sama ta yi garau, Baba Ladan na kira da idonsa, ba wanda ya tambaye ni. Ko matata ban gaya wa ba. Amma duk la'asar nakan tsinci kaina ina duban gabas, ina roƙon Allah kada hadari ya taso.

Sai masassara ta kwantar da ni kwana biyu, na ukun kuma ya faɗo ranar Lahadi, kamfani a rufe. Ina kwance ina yi wa agogon wani kamar kullum, amma ba inda zan gwada shi. Ranar Lahadin na ji dama-dama, na ɗauki azumi, na lallaɓa masallaci da la'asar. Na kwance agogon na ajiye a kan ɗan dakalin da ke gefen buzun Baba Ladan, kamar yadda na saba, na yi alwala na mayar. Muna idar da salla iska ta juya. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya yi ta hawa har ya haɗe sama duka, bai zubar da ruwa ba, ya dai tsaya a kanmu. Gari ya yi duhu har na hangi an kunna fitila a wani zaure. Iska ta ɗauke ɗif, zafi ya dawo. Mutane suka fara fitowa da ƙore da dabino suna zama a farfajiya, kowa ya zauna sai ya dubi hannuna.

Na san agogon ya yi gaba, abin da ban sani ba shi ne da nawa. Kaina na ciwo, na kasa haɗa lissafin kwana uku. Na yi niyyar in rufe shi da hannun riga in ja lokaci, amma wani maɗinki da ke zaune kusa da ni, cikin waɗanda na koya wa, ya leƙo ya ce ai hannun ya kai wurin, har ya ɗan gota. Magana ta bi sahu. Baba Ladan na tsaye a kan matakala ya juya mana baya. Baffana ya ɗaga murya ya ce masa lokaci ya yi.

Ladan ya waiwayo ya ce, "Malam, rana na nan. Ban ga jemagu sun hito ba, balbelu ma ba su wuce ba."

Wani ya ce hadari ne ya hana su. Wani ya ce tsohon nan sai ya kashe mu da ƙishirwa. Baffana ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni da sunana, ya ce, "Ka tabbata?"

Malam Edita, kalma huɗu ko biyar ce za ta fisshe ni a wannan lokaci. Da na ce agogon ya faɗi kwanan baya, da an yi mini dariya na mako guda an manta. Na dubi fuskokin da na yi wata shida ina yi wa alfahari, na ce na tabbata. Baffana ya sake ce wa Ladan ya kira. Tsohon ya sauko a hankali yana dafa bango, ya ce a gafarce shi, ba zai kira abin da bai gani ba, ya koma kan buzunsa ya zauna. Ni na tashi na hau matakalar. Ban taɓa kiran salla a wurin ba sai ranar. Ina cikin kira na ji masallacin unguwar da ke bayanmu ya ɗauka, can kuma wani ya amsa daga nesa. Na sauko na tarar ana shan fura, na karɓi ƙwarya na sha har na ƙoshi.

Aka ta da salla muka shiga ciki. Ƙofar masallacinmu tana yamma ne, bayan masu salla. Muna tsaye a raka'a ta biyu, baffana na karatu, sai na ga bangon gabanmu ya fara yin ja. Na ɗauka idona ne saboda masassara. Jan ya ƙaru, sai ga inuwar kawunanmu a jere a jikin bango, har na gane tawa. Muryar baffana ta tsaya a tsakiyar aya. Sa'an nan ya sallame. Muka fito ɗaya bayan ɗaya. Hadarin ya ɗage daga yamma kamar an yaye gefen tabarma, ga rana nan ja wur, da sauran tsawon mashi tsakaninta da ƙasa. Daga cikin gidaje muka fara jin salatin mata. Baba Ladan na zaune inda muka bar shi, ƙwaryarsa a rufe da faifai. Bai dubi kowa ba. Da ranar ta faɗi ya tashi ya hau matakala ya kira, muka sake salla.

Washegari da hantsi aka taru a zauren baffana, dattawan unguwa da mutum biyu daga unguwannin da suka bi kiranmu, ransu a ɓace. Baffana ya ce hukuncin a fili yake, duk wanda ya sha ruwa zai rama yini ɗaya bayan Salla. Sa'an nan ya ce in faɗa wa jama'a abin da ya sami agogon da na ce ba ya kuskure. A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuto wannan takarda. Kuskuren jiya kuskure ne, ana ramawa a wuce. Na buɗe baki na ce ni ma abin ya ɗaure mini kai, agogon lafiyarsa lau, kuma bai taɓa barin hannuna ba sai da la'asar ɗin jiya, da na kwance shi na ajiye a kan dakali kusa da buzun Baba Ladan na tafi alwala. Na ƙara da cewa ɗan kan da ke gefe, ko yaro ya ja shi ya murza, hannun zai matsa. Daga nan na yi shiru. Ban ce shi ne ba, shekaru na yi ina lallashin kaina da cewa ban ce shi ne ba. Amma na san inda maganar za ta faɗa tun kafin in sake ta.

Maɗinkin nan ne ya ɗauka. Ya ce dama abin ya ba shi mamaki, yadda sama ta rufe haka, ta ina tsoho ya tabbata rana na nan har ya ƙi bin umarnin liman, in ba ya san abin da ya shuka ba? Wani ya ce ai tun ranar da aka fifita agogo a kansa fuskarsa ba ta sake ba. Cikin ɗan lokaci gaskiyar da ya yi jiya ta zama ita ce shaidar laifinsa. Aka aika aka kira shi. Ya shigo ya durƙusa, aka maimaita masa. Ya ce hannunsa bai taɓa taɓa abin nan ba tun da aka kawo shi garin, bai ma san gabansa da bayansa ba, in ana so a kawo Alƙur'ani ya dafa. Baffana ya ce ba za a yi rantsuwa cikin watan azumi a kan wannan ba, a bar maganar, Ladan ya huta har bayan Salla, wani ya riƙa kira. Da Ladan zai fita ya tsaya a gabana. Ya ce, "Ɗana, kai ka san abin da kas sani." Ya sa takalmansa ya tafi.

Bayan Salla ba wanda ya ce ya dawo. Zakkar fid-da-kai da aka saba tara masa, a shekarar nan 'yan gidaje kaɗan suka aika. In ya zo salla sai a bar masa fili a sahu, dama da hagu. Ni da kaina na ji wata mata a bakin rijiya tana cewa tsohon da ya ɓata wa mutane azumi don hassada. Kafin ruwa ya zauna sosai ya naɗe buzunsa ya koma ƙauyensu wurin 'yarsa, ba a yi masa rakiya ba. Ni kuwa da kaka na tafi Kano na kai agogon wurin wani Bayarabe mai gyara. Ya sa gilashi a ido ya buɗe, bai ɗauki lokaci ba ya ɗago ya tambaye ni yaushe ya faɗi. Ya nuna mini wani siririn ƙarfe kamar gashi da ya harɗe, ya ce tun ranar da ya faɗi gudu yake yi. Na ce masa na sani. Ya gyara, na dawo da shi yana tafiya daidai, na ci gaba da ɗaurawa kullum, mutane na tambayata lokaci ina faɗa musu. Shekara uku ina haka. Cinikina ya ƙaru, aka fara sa ni a sahun gaba. Sai dai ban ƙara jin kiran magariba raina bai ɓaci ba, kuma matata ta sha tambayata abin da ya sa ba na iya cin abinci lokacin shan ruwa in azumi ya zo.

A shekara ta huɗu na je kasuwar Wamakko sayen fatu, sai na ga Baba Ladan a gindin wata bishiyar bedi yana tufkar igiya yana sayarwa. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Na so in kauce, amma ya riga ya ji muryata. Ya kira ni, ya tambayi baffana, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wanda ke kiran salla yanzu da ko an gyara matakalar da ta fara zaizayewa. Ban san sanda na durƙusa a gabansa ba, cikin kasuwa, da babbar rigata. Na gaya masa komai, faɗuwar agogon, da gyaran da nake yi a ɓoye, da abin da na nufa da maganata a zaure. Ya saurara hannunsa na kan igiya. Da na gama ya ce ai ya sani, tun ranar da ya ga ina yawan duban gabas ya gane akwai abin da ke damuna.

Ya ce, "Nawa na yahe tun ban bar birni ba. Amma maganar ta biyo ni har nan. Jikokina ana ce musu jikokin wanda yab ɓata azumi, ɗiyata ba ta iya ɗaga kai cikin mata. Wanga ba ni ka yahe shi ba. Inda kaf faɗi maganar, can za ka koma ka warware ta."

Na yi masa alkawari cewa Juma'a mai zuwa, bayan la'asar, zan tashi gaban jama'ar masallacinmu in faɗa. Na ba shi abin da ke aljihuna, ya ƙi karɓa, ya ce in dai cika wancan. Juma'a ta zo, aka idar da salla, na yunƙura zan tashi, na ga baffana ya tsufa yana jan carbi, na ce bari in fara gaya masa shi kaɗai tukuna. Ban gaya masa ba. Wata Juma'ar aka yi baƙi. Wata kuma ana shirin ɗaurin auren ƙanwata, na ce kada in ɓata wa gida suna a irin wannan lokaci. Kowane mako da dalilinsa, kuma kowane dalili in ka ji shi sai ka ce mai hankali ne ya kawo shi. Na cire agogon na sayar wa wani akawu, ina ganin kamar hakan wani abu ne, alhali ba abin da ya rage wa tsohon. Wata bakwai ina wannan jan ƙafa. Cikinsu baffana ya kwanta ya rasu, ya tafi yana ganin Ladan ne ya yi. Ba a yi arba'in ɗinsa ba wani mai kawo shinkafa daga Wamakko ya tsaya a ƙofar gidana ya ce tsohon nan mai igiya ya cika shekaranjiya, an rufe shi.

A ranar, bayan la'asar, na tashi a masallaci na faɗa. Na faɗi duka, ban rage ba. Na yi zaton za a zage ni, ko a kore ni daga sahu, har ina fatan haka. Ba wanda ya ɗaga murya. Rabin dattawan da suka zauna a zauren nan sun mutu, samarin da ke wurin wasunsu ba su ma san wane Ladan ake nufi ba. Maɗinkin ya sunkuyar da kai yana ta hawaye, don shi na sa ya ɗauki alhakin da ba nasa ba. Wani tsoho daga ƙarshen sahu ya ce, to yanzu wa kake gaya wa? Mutane suka tashi suka sa takalmansu. Washegari na hau doki na je ƙauyen, na tara mai gari da jama'arsa na maimaita a gaban 'yar Ladan. Ta saurare ni daga bayan zana. Da na gama ta aiko a gaya mini cewa har ranar da zai cika, duk wanda ya zo daga birni sai ya tambaye shi ko an yi wata sanarwa a masallacin Ƙofar Rini.

Ba abin da ya same ni a duniya saboda wannan, Malam Edita, kuma shi ne ke ba ni tsoro. Na yi arziki, na ga 'ya'ya da jikoki, ana gaishe ni da girma. Ban biya komai ba a nan, ke nan yana can yana jirana. Ba na ce kayan zamani ne suka cuce ni ba, agogo ƙarfe ne, ya faɗi ya lalace kamar kowane ƙarfe. Abin da ya cuce ni shi ne na jingina mutuncina a jikin abin hannu, har ya zama in an ce ya yi kuskure kamar ni aka tsiraita. Ina jan kunnen matasa masu karanta wannan mujalla, ku da kuke samun abin da iyayenku ba su samu ba: in abinka ya sami matsala ka faɗa tun tana ƙarama, kunyar yini ɗaya ce. Kada ka fake da cewa ba ka ambaci sunan kowa ba, in ka san inda maganarka za ta sauka, kai ka faɗa. In kuwa akwai wanda ka ɓata wa suna yana raye, kuma ka san hanyar gidansa, ka ajiye mujallar nan ka tafi yau. Ni na sami wata bakwai cur, mutumin yana zaune yana jira, na bari sai da aka rufe shi.